Ƙumba a Rijiyar Mijinyawa

Guga ya fito, babu ko danshi a gindinsa. Mijinyawa ya juye farar tsakuwa a gefe, ya sake leƙa ramin. Can ƙasa Baba Malami na ƙwanƙwasa bango a hankali, kamar mai tsoron tada jinjiri.

Tsohuwar rijiyar gonar ta rufta da ruwan ƙarshen damina, ga irin albasa ya isa dashe. A Lambara kuwa, wanda ya rasa albasar rani ya san geron rumbunsa ba zai kai shi wata damina ba. Shi ya sa ran kasuwar Bodinga, da Baba Malami, wani dattijo ɗan Dingyadi, ya ji kukansa, ya ce shi mai haƙar rijiya ne kuma ba ya karɓar lada sai ruwa ya fito, Mijinyawa ya ga kamar daga sama aka jefo masa shi.

Ranar farko Malami ya zaga gonar, hannuwa a baya. Ya daɗe tsaye a gangare, wajen wani tsohon suri inda ciyawa ba ta gama bushewa ba. Sannan ya kaɗa kai, ya hau tudu inda fararen duwatsu suka leƙo, ya kafa dagi.

"Ba can ƙasa ya fi ba, Baba?"

"Can ƙasa ita ka ruftawa, ɗana. So kake ka sake binne wata?"

Mijinyawa ya bi shi tudun. Mai rijiyar da ta rufta ba shi da bakin gardama.

Jar ƙasa ta wuce da sauri. Da aka kai fara sai aiki ya koma tafiyar hawainiya. Dattijo ya ajiye diga, ya koma aiki da ɗan ƙarfe kamar na sassaƙar ƙwarya. In ya fito da la'asar, da kansa yake zaɓar duwatsu ya loda wa jakinsa a mangala, wai farar ƙasa na kashe gona, ba zai bar wa mutum ɓarna ba. Mairo, matar Mijinyawa, ta ce ba ta taɓa ganin ma'aikaci mai tsoron Allah irin wannan ba, ta ƙara masa nono a fura.

Irin albasa dai ya fara kwanciya. Mijinyawa na jigilar jarkoki a keke daga famfon gari, fangalin da irin yake ciki na shanyewa kafin ya juya baya. Maƙwabta sun yi dashe, nasu har ya miƙe. Ranar da ya yi ƙarfin halin cewa ko a sake wuri, Malami ya aiko masa da amsa a cikin guga: ƙumba ce, irin ta bakin gulbi, sai dai ta zama dutse.

"Kai da anka haifa nan, ka taɓa ganin ƙumba inda babu ruwa?" in ji murya daga rami.

Bai taɓa ba. Ya kai ta gida, Mairo ta yi ta juya ta a tafin hannu, ranar har da dariya aka ci tuwo.

Bayan ƙumba sai haƙori, baƙi, mai kaifi, wanda ba na kare ba, ba na kura ba. Sai rami ya daina yin ƙasa, ya karkata gefe. Malami ya ce jijiyar ruwa yake bi. Jaki ya koma sawu biyu a yini, wasu duwatsun har da naɗi a tsumma.

Ran da irin ya ƙarasa ƙonewa, Mijinyawa ya tsuguna ya murza shi a yatsa, ya zama gari. Lokacin sabon iri ya wuce. Duk da haka ya ce a ransa, in ruwa ya fito ko yakuwa a shuka. Gari ya waye, babu Malami, babu jaki. Ya hau keke sai Dingyadi, don ya roƙe shi ya ƙarasa.

A ƙofar gidan dattijon ya tarar da farar mota. A cikin zaure an shimfiɗa tabarmi, an jera duwatsun gonarsa ɗaya bayan ɗaya, sun ba da ƙashin bayan wata halitta da ta fi zauren tsawo. Wata mata mai tabarau, da ya ji ana kira Malama Zuwaira, tana share su da ɗan buroshi. Ta ɗauka maƙwabci ne ya shigo kallo.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka ga ikon Allah? Wagga ƙasa tamu duk teku ce, shekaru miliyoyi da sunka wuce. Waɗansu jirage suke shiga su auna gindin teku, mu namu gindin tekun yana ƙarƙashin gonaki. Baba ne ke tono muna shi."

Mijinyawa ya matso kusa da tabarma. "To, Malama, ruwan fa? Saura gaba nawa a kai gare shi?"

Ta yi murmushi, ba ta ko ɗago kai ba.

"Allah shi kiyaye, ai ruwa shi ka lalata muna ƙashi. Shi ya sa ba mu da kamar Baba. Kallo ɗaya zai yi wa gona ya san inda ruwa yake, sai ya kauce masa."