Baƙo a Ƙofar Sabon Masallaci

Badaru na tsaye a harabar masallacin 'yan kasuwa na Batsari, yana nuna wa masu zuba yashi inda za su ƙara, sai ya hango ubansa a bakin ƙofa.

A lokacin Turawa sun buɗe cinikin gyaɗa, Badaru kuwa yana cikin waɗanda abin ya karɓa. Da damina ta kayar da tsohon masallacin, shi ya tsaya aka tashe shi. Ya sa aka kawo azara a kan jakuna, ya ɗauko magina daga Katsina suka ɗaure rufin da ginin bakan gizo irin na soro, aka shafe bango da makubar ɓawon ɗorawa, aka yi wa ladan matakala. Ran nan da azahar za a yi sallar farko a ciki, kuma sunan Badaru ne a bakin kowa.

Abu ɗaya ne mutanen Batsari ba su sani ba. Ya gaya musu mahaifinsa malami ne a ƙasar Zamfara, ya daɗe da rasuwa. Gaskiyar kuwa, uban nasa Ɗantsoho yana raye, Bamaguje ne, manomi a wata unguwa bayan Wagini. Badaru ya bar gida tun yana saurayi, ya musulunta a hannun fatake, ya sake suna. Yakan aika wa tsohon gishiri da mayafi, amma ƙafarsa ba ta komawa.

Ga shi yau tsohon ya zo da kansa, da warki da sanda, da ɗan ƙunshi a hammata. An aske masa kai tas. Ƙafafunsa a jiƙe suke, ko da yake rani ne. Ya ɗaga kai yana kallon rufin kamar mai son ya haddace shi.

Labaran Sarkin Fawa ya taɓa Badaru. "Wancan dattijon kai yake ta kallo. Ka san shi?"

Zufa ta karyo wa Badaru. "Wani ne mai yi mini aikin gona," ya ce. Muryarsa ta fita fiye da yadda ya so.

Ya kama hannun tsohon ya ja shi bayan gini, wajen randunan alwala, inda babu mai ganinsu. Bai durƙusa ba, gaisuwar ma a tsaye ya yanke ta.

"Auta, ka yi gini," in ji Ɗantsoho.

"Baba, me ya kawo ka yau?"

"Ciki nike so in shiga."

"Nan ba wurinka ba ne. Dubi jama'a. Don Allah ka rufa mini asiri ka koma gida, zan aiko."

 Tsohon ya dubi rawanin ɗansa, ya dubi nasa warkin, ya gyara ƙunshinsa.

"Na ji abin da ka ce wa mutumin can," ya ce a hankali. "Ba komi. Allah shi yi maka albarka."

Ya bi ta lungu ya kama hanyar Wagini, bai waiwayo ba. Badaru ya tsaya har sai da ya daina jin ƙarar sandar, sannan ya yi alwala. Ya wanke fuska ya sake wankewa, zafin kunya bai bar ta ba.

Ladan ya hau matakala ya kira salla. Masallaci ya cika, mahauta da maƙera da madugai, har waɗansu suka shimfiɗa buzu a waje. Aka matsa wa Badaru wuri a sahun farko, daidai bayan Liman Abdurrahim.

Liman bai ba da izinin tayar da iƙama ba. Yana zaune a gaban alƙibla yana jan carbi, jim kaɗan sai ya juya ya dubi ƙofa. Mutane suka soma gyaran murya. Ya aika ladan ya duba haraba, ladan ya dawo ya girgiza kai. Da inuwa ta yi nisa, dole aka tayar da salla.

Badaru bai san abin da ya karanta ba. Duk sujadar da ya yi a kan sabon yashin, bayan tsohon yake gani yana shiga lungu. Ya yi ta lallashin kansa: gobe zai aika da riga, ko ya je da kansa bayan an sayar da gyaɗa. Ai tsohon ba mai riƙo ba ne.

Aka sallame. Liman ya yi addu'a ga magina, da masu ɗebo ruwa, da Badaru da iyayen da suka haife shi. Jama'a suka amsa da ƙarfi. Badaru ya sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne.

Sannan Liman ya ba da haƙuri a kan jinkirin.

"Baƙo nake jira," ya ce. "Wani dattijo ne daga bayan Wagini. Tun da aka fara ginin nan yake takowa zaurena a ɓoye, yana koyon alwala da Fatiha. Da hantsi na sa aka yi masa aski, na ba shi farar riga, muka rabu a kan zai karɓi kalmar shahada a nan gabanku. Ya ce yana da ɗa a garin nan, bai yarda ya faɗa mini sunansa ba, wai so yake yaron ya waiwaya kawai ya gan shi a sahu."