Muryar Malam Sambo a Akwati

Ran sadakar arba'in ɗin Malam Sambo, ma'aikacin kamfanin madara ya kawo akwati mai kwaikwayon muryar mamaci, irin wanda doka ta ce a kai gidan duk makiyayin da ya rasu. Tun rasuwarsa shanun suka ƙi sakin nono.

Ya kunna a bakin garke. Muryar Malam ta tashi tana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya, suka ɗago kai. Sai ta ce, "Kuluwa, kawo ƙwarya."

Kuluwa, babbar 'yarsa, ta dire ƙwaryar da ke hannunta a ƙasa.

"Kashe abin nan!"

"Hajiya, muryarsa ce fa sak."

"Shekara talatin ina riƙe masa maraƙi yana tatsa. Ko ciwo ko ruwan sama bai taɓa fashi ba, da nonon nan ya raine mu mu tara. Amma ko sau ɗaya bai kama sunana ba, ni ce 'yar fari. 'Ke wannan' yake ce mini. Kun kwaso muryarsa, kun baro kunyarsa a kabari!"

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai. A bayan Kuluwa, nonon tsohuwar saniyar Malam ya fara ɗiga.