Gashin Ɗan Maƙwabta

Sojoji na gida na uku daga nasu lokacin da ta zaunar da ɗan maƙwabciyarta tsakanin gwiwoyinta. Tun da nakiya ta tashi da motar soja a hanyar Gougaram, duk saurayin Buzun da aka ɗauka a kartiyen, wato unguwar tasu, bai dawo ba.

Rawaninsa na Buzaye ta cusa cikin murhu. Fatarsa ba ta fi ta 'ya'yanta haske ba. Gashin ne matsala, mai laushi, kwance luf. Ta kama shi tsagi-tsagi tana turo mataji daga baki zuwa gindi, har ya cukurkuɗe ya tashi cunkus.

"Inna, da zafi."

"Yi mini shiru. In sun tambaya, kai autana ne, daga Maraɗi muka zo."

Aka banko ƙofa. Biyu suka wuce ɗakuna, ɗaya ya tsaya a kansu.

"Wane ne wannan?"

"Ɗana ne, ranka ya daɗe."

Ya ɗora tafinsa a kan yaron, ya danna. Tana kallo gashin ya kwanta ƙarƙashin yatsunsa, ya ƙi tashi. Matajin ya suɓuce mata.

Sojan ya waiga wajen ɗakunan, ya duƙa ya ɗauko matajin, ya tayar da gashin wurin da sauri, irin na hannun da ya saba.

"Gobe ki sa masa ruwan sukari," ya ce ƙasa-ƙasa, yana gyara zaman hularsa. "Nawa gashin har yamma yake kaiwa a tsaye."