Motar Auta Ba Ta Son Safiya

Motar ta sake mutuwa a tsakiyar mahaɗar hanya, na baya suna ta danna hon kamar Auta ce ta ƙera injin. Ta murza makulli, motar ta yi tari, ta tashi da ƙyar, ta dinga karkarwa a tsaye kamar mai zazzaɓi. Fitilar inji tana kunne. Kafin ta isa masana'anta an riga an raba aikin safe.

Shugabar ɗakin gwajin da Auta ke aiki ba mai yawan magana ba ce. Ta dubi agogon bango, ta dubi Auta, ta ce wannan ne na ƙarshe. In ta sake makara kafin a tabbatar da ita a aikin, kada ma ta wahalar da kanta ta zo.

Aikin nan Auta ta sha wuya kafin ta same shi. Sai da ta yaye ƙaramin ɗanta ta koma makaranta, tana karatu da yaro a cinya. Masana'antar kuma tana can bayan gari inda bas ba ta zuwa, saboda haka tsohuwar motar da mahaifinsu ya bari ita ce ƙafarta.

Yayanta bakanike ne, shi ke duba motar. Ya canja filogi, ya canja matatar iska, ya wanke totur. Ya jona mata kwamfuta, ta nuna sensar iska ce, wadda ke gaya wa inji yawan iskar da ke shiga. Ya sa sabuwa. Kullum motar takan bar garejin sumul, ta kwana biyu lafiya, sai wata safiya ta koma gidan jiya. Ranar hutu kuwa, je ka ga gudu.

Maigidanta ya fi ta jin zafin abin. Shi ya sayo mata takalman aiki, shi ke riga kowa tashi ya duba mata mai da ruwa ya ɗumama injin, tana can tana fama da yara, sannan ya wuce shagonsa da ke ƙarshen layi. Shi ne ma ya ce a ganinsa Yaya tsofaffin kaya yake sa mata. Ya tuna mata cewa ai tun farko Yaya ya ce wurin aikin ya yi wa mai yara nisa.

Maganar ta zauna mata. Da yamma ta tsaya a gareji ta yi wa yayanta wankin babban bargo a gaban masu motoci. Ta ce in ba ya son ta da aikin ya fito ya faɗa, ba sai ya yi mata zagon ƙasa ba. Mutumin da ya goye ta tana ƙarama yana tsaye yana goge hannu da tsumma har ta gama. Sannan ya ɗaga bonet ya nuna mata soket ɗin da wayar sensar ke shiga.

"Auta, duk zuwan da kika yi, a kwance nake samun wannan. Na zaci maƙallin ne ya tsufa, na sa sabo. Sabo ba ya buɗe kansa, sai an danna shi da babban yatsa."

Ya ɗauko wani ɗan gwangwani, ya lakato shuɗin man da suke shafa wa ƙarfe don ganin inda yake gogawa, ya shafa a ƙarƙashin maƙallin inda ido ba ya kaiwa. Ya ce ba ya bushewa, kuma ba ya barin yatsa da sauƙi. Kada ta taɓa wurin, ta dai dinga kallon hannun mutane.

Kunya ta hana ta ba shi haƙuri yadda ya kamata. A hanya zuciyarta ta tafi kan maƙwabcinsu, wanda suka sha yi da shi a kan wurin ajiye mota, da mai gadin layinsu da ke ɗasawa da shi. Ba ta gaya wa maigidan ba, don ta san zuciyarsa, yana iya zuwa ya shaƙe mutum. Ta koma mai yawan gaisuwa, tana tsayawa tana tambayar maƙwabci iyali, idonta a kan yatsunsa. Ba ta ga komai ba, motar kuma ta yi lafiya.

Ranar da za a tabbatar da ita ta fita da wuri. Ba ta kai ƙarshen layinsu ba motar ta shaƙe, ta mutu murus. Ta ɗaga bonet. Ba ta ma kai hannu ba, ido ya ishe ta: an zare soket ɗin, an lanƙwashe ƙarafan cikinsa. Ta kira Yaya, yana wani gari ɗauko mota. Ta tsaya neman abin hawa har lokaci ya wuce, sai ga saƙon shugabar a waya, gajere kamar maganarta.

Ta koma cikin motar ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinsu. Sai ga maigidan ya fito daga shago da gudu. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya tallabo fuskarta, ya share mata hawaye.

"Yi haƙuri, Maman yara. Wataƙila aikin ba alheri ba ne. Gidanki yana nan, ba abin da za ki rasa."

Ta ji sanyi a ranta, ta gode wa Allah da ya ba ta shi. Ya ce ta riƙe sitiyari, shi zai tura su koma gida. Ya zagaya baya ya dafa but, ita kuma ta ɗaga kai ta dubi madubi don ta gan shi.

A ƙarƙashin idonta, inda babban yatsansa ya bi, shuɗin layi ne ya sauko har kumatu.