Abin da Ke Bayan Tamfol

Tana fitowa daga sabon wurin shaƙatawar da ake ginawa, rungume da kwalin kayan aikinta, ta hango saurayinta jingine da katanga. Sarkin Hasashe mabiyansa na intanet ke kiransa, don kullum shi ke jan musu kan waɗanne finafinai za a gina wa gidajen wasa a ciki. Ita mai fenti ce a wurin, kuma sirri ɗaya ta taɓa raɗa masa, cewa fukafukan dodo take fentawa. Washegari ya baza a shafinsa. Yau aka sallame ta.

"Na cuce ki," ya ce. Ya buɗe tafin hannunsa, ga zobe. "Ki bar ni in gyara. Ki aure ni."

Ta daɗe tana kallon zoben. Zuciyarta marar kunya har ta fara ba shi uzuri.

Sai iska ta ɗaga gefen tamfol ɗin da aka lulluɓe ginin da shi. Idonsa ya bar fuskarta, ɗaya hannun ya zarce aljihu yana laluben waya.

"Yi sauri ka ɗauki hoton," ta ce a hankali, "kafin ya rufe."

Ta gyara riƙon kwalinta, ta tsallaka titi.