Rurin Babur Ɗina

Wai duk babur ɗin tseren da Settimio bakanike ya taɓa sai ya ƙara gudu, haka ake faɗa a Bologna. Ni da na tsufa ina koyar da kimiyya ba na aiki da "wai", sai na kai masa nawa in gani da idona.

Babur ya dawo yana ruri. Na shiga gidan kofi ina cika baki: "Ku matsa, yara, kakarku ta zama iska!"

Ran Lahadi, a hawan dutse, mai kai burodi ya wuce ni a ɗan babur ɗinsa Vespa, har da ɗago mini hannu.

Na koma garejin. "Settimio, me ka yi wa babur ɗina?"

Ya sunkuyar da kai. "Malama, salansa na buɗe, injin kuwa na rage masa ƙarfi. 'Yarki Ornella ce ta roƙe ni, tana tsoron gudunki."