Mai Wutsiya Ta Bi Hanyar Ofis

Ranar Litinin, kamar kowace Litinin, Ramlatu ta sauko daga motar Gidimuni da kaye, littafin da take rubutu a ciki, a hammata, ta nufi Cibiyar Haskaka Kimiyya da ke Zinder.

Aikin kwana bakwai ne a cikin kayen. Tauraruwa mai wutsiya take bi, wata 'yar dusu-dusu da ido ba ya gani, wadda masana suka ce in ta wuce sai bayan shekara dubu arba'in. Kullum kafin kiran assalatu takan kafa madubin hangen nesa a bayan lambunan dabino, inda babu fitilar da ke damun sama, ta rubuta abu biyu: inda tauraruwar take, da ƙarfin haskenta. Ma'aunin hasken taurari kuwa a juye yake tun asali, ƙaramar lamba ita ce babban haske. Da lamba sha huɗu tauraruwar ta fara. Ranar da ta sauka sha uku, sai da Ramlatu ta ɗan taka rawa ita kaɗai a bakin tafki.

Wata ƙungiyar masana taurari a ƙasar waje ta yi alkawari: matashin da ya aiko awon wata uku, aka ga ya dace da na sauran duniya, za a ɗauke shi karatun mastar. Gurbi ɗaya ne. Ramlatu, mai digirin lisans a fizik da shekara biyu na zaman gida, har ta gama tsara abin da za ta yi in ta dawo: kulob ɗin taurari a kowace makarantar lise, da taswirar sama da sunayen Hausa.

Sai dai madubin na Cibiya ne, kyauta ce aka ba ta. Abin da aka gani da kayan Cibiya kuwa ba ya fita ƙasar waje da ƙafarsa. Sai an buga shi a takarda mai tambari, an sa lamba, Darakta Sule ya sa hannu, an danna kashe, wato hatimi, sannan sakatare ya aika.

Darakta Sule bai taɓa leƙa madubin ba, amma ya kafa wa tauraruwar komite mai mutum tara, an yi taron bita sau biyu, an ci nama. Bangon ofishinsa cike yake da zane-zanen ci gaba, kowane layi ya miƙe sama kamar hasumiya. Bara wani ma'aikaci ya kawo rahoton cewa masu zuwa ɗakin karatu sun ragu. Yanzu yana can wani ƙauye yana ƙirga kujeru.

Mutum ɗaya ne ke tarbarta da fara'a, Malam Yunusa sakatare, wanda ya shekara talatin yana buga takardun hukuma, da a tafireta, yanzu a ordinater, daraktoci shida sun zo sun tafi sun bar shi a kujerarsa. Yakan karɓi kayen da hannu biyu.

"Je ki huta, 'yata. Takardarki ba za ta ba ki kunya ba muddin ina nan."

A teburin da ke gefe Fahad ke zama, ɗan ƙanwar Darakta, mataimakin shugaban komite. Shi ma ya nemi gurbin, ya ji ana tashi ƙarfe huɗu na asuba ya fasa. Duk shigowar Ramlatu sai ya tambaye ta lafiyar wutsiya, ya bi kayen da kallo.

Wata uku ta yi. Sauro ya ci rabonsa, bikin ƙawarta ya wuce babu ita. Tauraruwar ta ƙara haske har sha ɗaya. Ramlatu na duba awon masu kallo na Japan da Chili a salularta, nata da nasu kamar an tsaga kara.

Amsa ta zo a layi biyar. Awon matsayi, in ji ƙungiyar, babu kuskure ko ɗaya. Amma awon haske ya saɓa wa na kowa a doron ƙasa: duniya ta ga tauraruwar tana ƙara haske, Zinder kaɗai ta ga tana dushewa. Don haka suna zaton an kwafo matsayin daga intanet, ba a taɓa ganin tauraruwar ba. Sun cire sunanta daga jerin.

Rashin gurbin bai yi mata ciwo kamar kalmar kwafa ba. Ta nemi ganin Darakta, aka ce yana Yamai wajen taro kan ƙarfafa gwiwar matasa. Ta juya ta ga Fahad yana shan shayi, yana murmushi cikin kofi. Nan take ta zauna ta rubuta ƙara shafi uku, da ranaku da lokutan da kayenta ya kwana a ofis kusa da teburinsa.

Ita ma ƙarar sai an buga ta a takarda mai tambari.

Malam Yunusa ya gyara tabarau, ya karanta amsar ƙungiyar, ya karanta ƙarar, idonsa ya kawo ruwa.

"Kada ki ɗauki alhakin Fahad, 'yata, wannan ko kunna ordinater bai iya ba. Mutanen can ne ba su da godiya." Ya rage murya, ya waiwayi ƙofar Darakta. "Ni da na ga lambobinki suna ta zubewa sati bayan sati, na ce wallahi ba a gabana za a kore ki ba, na zauna na gyara miki su ɗaya bayan ɗaya suna hawa har sha bakwai, kuma duk da haka suka ƙi ki?"